Uwar Mutum-Doki: Tarihin Tambayar da Girkawa Suka Daɗe Suna Kauce wa

A wajen shekara ta 400 kafin Miladiyya, wani mai zane na ƙasar Girka da ake kira Zeuxis ya baje wani allon hoto a gaban jama'a. Halittar da ke jikin allon ba baƙuwa ba ce ga Girkawa: daga ƙugu zuwa sama mutum, daga ƙugu zuwa ƙasa doki mai ƙafa huɗu. Sun saba ganinta a bangon wuraren bautarsu da jikin tulunansu, kusan kullum cikin faɗa, riƙe da reshen itace ko ƙaton dutse. Wannan karon kuwa mace ce. Tana kwance a kan ɗanyar ciyawa, ta dogara da gwiwar hannu, tana shayar da tagwaye. Ɗaya ta rungume shi a ƙirji yana shan mama irin na 'yan Adam, ɗayan yana can wajen hantsa yana tsotso kamar duƙushi. Daga sama mijinta ya leƙo yana dariya, ya ɗaga ɗan zaki da hannun dama don ya tsorata yaran da wasa.

Hoton bai iso zamaninmu ba. Abin da muka sani game da shi daga alƙalamin Lucian ne, marubuci mutumin Samosata da ke bakin kogin Furatu, wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya. Shi ma kwafi ya gani a Atina. Ya ce na ainihin, janar ɗin Roma Sulla ne, wanda ya ci Atina da yaƙi a shekara ta 86 kafin Miladiyya, ya ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Italiya, jirgin ya nutse a kusa da tsinin Malea.

Girkawa suna kiran wannan halitta Kentauros. A nan zan riƙa kiransu Kentaurawa, ɗayansu Bakentaure, mace Bakentaura, kamar yadda muke yi wa kowace ƙabila. Dalilin da ya sa hoton Zeuxis ya girgiza masu kallo shi ne, sai da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana ba da labarin Kentaurawa kafin wani ya damu da nuna uwarsu. Yau kuma, marubutan ƙagaggun labaran al'ajabi suna ta kai-komo a kan tambaya guda: yaya wannan halitta take haihuwa? Tambayar ta yi kama da wasan yara, amma tana da tarihi mai tsawo, kuma amsar da marubuci ya ba ta ita ce ke yanke hukunci ko abin da ya ƙirƙira dodo ne ko al'umma.

Zuriyar da ba ta da uwa

Ɗaya daga cikin tsofaffin siffofin Bakentaure da aka tono a Girka wani ɗan gunkin yumɓu ne mai tsayin santimita 36, daga maƙabartar Lefkandi a tsibirin Euboea. An yi shi a ƙarni na 10 kafin Miladiyya, kuma an sami kansa a wani kabari, gangar jikinsa a wani. Wato siffar ta girmi rubutattun waƙoƙin Girka da muke da su. A waƙoƙin Homer ma Kentaurawa sun fito a matsayin namun dawa mazauna duwatsu, ba tare da an tsaya bayanin yadda suke yaɗuwa ba.

Mawaƙi Pindar ne, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya bar mana cikakkiyar ruwayar asalinsu. Wani sarki mai suna Ixion, wanda aka ce shi ne ya fara zubar da jinin danginsa, ya sami afuwa daga Zeus, babban allan tatsuniyoyin Girkawa, sai ya saka alheri da cin amana, ya nemi matar Zeus ɗin, Hera. Aka yi masa tarko da gajimare da aka siffanta da kamarta. Daga wannan gajimare aka sami ɗa mai suna Kentauros, wanda ba shi da mutunci a wurin alloli ko a wurin mutane. Shi ne ya gangara gindin Dutsen Pelion a yankin Tasaliya ya haɗu da goɗiyoyin wurin, aka sami zuriya mai kamar uba daga sama, kamar uwa daga ƙasa.

A lura da abin da wannan ruwaya ta yi. Ta ba da kaka gajimare, ta ba da uwaye goɗiyoyi marasa suna, sannan ta yi shiru. Haihuwar sau ɗaya ta auku, a matsayin sakamakon laifi, kuma duk abin da aka haifa maza ne. Babu tsara ta biyu.

Akwai Bakentaure ɗaya da ya fita daban, wato Chiron, malami kuma masanin magani, wanda ya reni jarumai irin su Achilles da Jason, ya kuma koya wa Asclepius aikin warkarwa. Shi asalinsa daban ne: ubansa Kronos ya rikiɗa ya zama ingarma lokacin da ya sadu da uwarsa Philyra. Nan ne kaɗai tsohuwar tatsuniya ta matso kusa da ɗakin haihuwa, kuma abin da ta gani bai yi daɗi ba. Wata ruwaya ta zamanin Rumawa ta ce da Philyra ta ga abin da ta haifa, sai ta roƙi a sauya mata halitta, aka mayar da ita bishiya. Chiron ya yi aure, amma 'yarsa da mawaƙi Ovid ya ba da labarinta da siffar mutum aka haife ta. Daga baya ne aka mayar da ita goɗiya a matsayin horo. Ko shi ɗin ma bai haifi irinsa ba.

Wannan rashin uwa yana da aikin da yake yi. Labarin Kentaurawa mafi shahara shi ne na bikin auren Pirithous, sarkin ƙabilar Lapith. An gayyace su a matsayin dangi, domin dukkansu ana danganta su da Ixion, wato 'yan ubanci ne tun daga tushe. Suka sha giyar da ba su saba da ita ba, suka yi yunƙurin sace amarya da sauran mata, aka gwabza, aka kore su daga Pelion. Zuriyar da ba ta da mata ba ta da hanyar samun mata sai ta fashi. Wannan faɗan ne aka sassaƙa a ɗakin bautar Zeus da ke Olympia wajen shekara ta 460, aka kuma sassaƙa a allunan kudancin Parthenon na Atina, ginin da aka fara a shekara ta 447 kafin Miladiyya. Guda 15 daga cikin waɗannan alluna suna gidan tarihin Birtaniya a Landan. Masana da yawa suna karanta su a matsayin habaici ga Farisawa, waɗanda suka ƙone tsaunin Akropolis a shekara ta 480: ga mu masu doka da aure da kamun kai, ga su can marasa linzami.

Abokin gaban da ake so a kashe ba tare da nauyin zuciya ba, ba a nuna shi yana jariri. Wanda duk aka ga uwarsa tana shayar da shi, an san akwai mai kuka idan ya faɗi.

Mai zane ya ba su gida

Shi ya sa hoton Zeuxis ya zama sabon abu. Bai nuna haihuwar kanta ba, amma tagwaye a jikin uwa sun isa shaida cewa an yi ciki, an yi naƙuda, akwai gobe. Lucian ya lura cewa ko a fuskar jariran akwai alamar dawa, suna tsotso suna zuba wa ɗan zakin ido. Dodo ya sami iyali, kuma bai daina zama abin tsoro ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ovid, a littafi na 12 na doguwar waƙarsa ta rikiɗe-rikiɗe da ya kammala wajen shekara ta 8 Miladiyya, ya sake ba da labarin faɗan bikin nan, sai ya tsaya a tsakiyar zubar da jini ya gabatar da masoya biyu, Cyllarus da Hylonome. Ita mai tsafta ce da kwalliya, tana taje gashinta, tana sa furanni. Da mashi ya sami mijinta ya mutu a hannunta, sai ta faɗa kan mashin ita ma. A gidan sarki Hadrian da ke Tivoli an sami wani hoto da aka jera da ƙananan duwatsu masu launi, na ƙarni na 2, wanda yanzu yake Berlin: Bakentaure ya ɗaga dutse zai jefi damisar da ta kayar da matarsa. Dutsen da kakanninsa suke jifan mutane da shi a bangon Parthenon ya koma makamin mai kare gida.

A ƙarni na 3, Philostratus ya siffanta wani zane na Kentaurawa a Pelion, inda ya fito fili ya ce a da an ɗauka daga itatuwa da duwatsu ko daga goɗiyoyi kawai suka fito, ashe suna da uwaye irinsu da mata da 'ya'ya. Ya lissafa jarirai a cikin zanen goyo, da masu kuka, da masu wasa a ƙarƙashin uwayensu, da waɗanda har sun fara jifa. Tsakanin Pindar da Philostratus akwai shekara kusan 700. Tsawon lokacin da aka ɗauka ke nan kafin laifin Ixion ya zama ƙauye mai yara.

Masana sun ƙi amincewa

A daidai lokacin da masu zane da mawaƙa suke gina wa Kentaurawa gida, masana suna amfani da wannan tambaya ta haihuwa su rushe shi.

Aristotul, a littafinsa kan yadda dabbobi ke hayayyafa, ya ce ba zai yiwu wata dabba ta samu a cikin wata ba, hujjarsa kuwa ita ce tsawon ciki ya bambanta ƙwarai tsakanin mutum da tunkiya da kare da sa, kuma kowanne ba ya samuwa sai a kan lokacinsa. Lucretius, mawaƙin falsafa na Roma a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, ya ɗora hujjar a kan Kentaurawa kai tsaye. Ya ce doki ɗan shekara 3 ya kai ganiyar ƙarfinsa, alhali yaro ɗan shekara 3 har yanzu yakan lalubi mama cikin barci. Lokacin da gemu ya fara tsiro wa saurayi kuma, dokin ya soma tsufa. Rabi biyu da ba sa girma tare, ba sa balaga tare, ba sa tsufa tare, ba za su zauna a jiki ɗaya ba.

Wanda ya fi kowa tsananta bincike shi ne Jalinusu, babban likitan nan mutumin Pergamon da aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya. A littafinsa kan amfanin gaɓoɓin jiki, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ba a halicci mutum da ƙafa huɗu da hannu biyu ba, tunda da ya fi sauri. Ya ƙyale Pindar a matsayinsa na mawaƙi mai neman ba da mamaki, sannan ya bi abin dalla-dalla. Irin mutum da na doki ba za su haɗu su zama ɗa ba. Ko da sun haɗu, wane abinci za a ba shi, tunda ƙasansa ciyawa da ɗanyen sha'ir yake so, samansa kuma dafaffen abinci? Ko da ya rayu, yaya zai hau tsani ya yi gini, yaya zai hau jirgin ruwa, yaya zai zauna ya yi aikin hannu?

Duk da haka ba kowa ya haƙura ba. Pliny babba, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya rubuta cewa sarki Claudius ya ambaci wani Bakentaure da aka haifa a Tasaliya ya mutu a ranar, ya kuma ce shi da kansa ya ga gawar wani da aka kawo daga Masar a jiƙe cikin zuma don kada ta ruɓe. Ko mene ne aka nuna masa, abin lura shi ne ko a bakin masu yarda, jaririn bai kwana ba.

Wasu kuma sun nemi mafita ta tarihi. Palaephatus, a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya ce samarin Tasaliya ne da suka fara hawan doki, mutanen da ba su taɓa ganin mahayi ba suka hango su daga nesa suka ɗauka halitta ɗaya ce. Bernal Díaz, sojan Sifaniya da ya halarci yaƙin Meziko, ya rubuta cewa a gumurzun Tabasco na shekarar 1519 mutanen ƙasar sun zaci doki da mahayinsa abu ɗaya ne. Idan haka ne, babu batun haihuwa: da yamma ta yi, rabin sama zai sauka ya ɗaure rabin ƙasa a turke.

Siffar dai ba ta mutu ba. Ta hau sama ta zauna cikin taurari, domin burujin da malaman hisabi na ƙasar Hausa suke kira Ƙausu, a littattafan Girkawa da na Larabawa irin na al-Sufi na shekarar 964, mutum-doki ne mai jan baka. Dante ya sa su gadi a lahirar da ya ƙaga, Machiavelli kuma ya kafa hujja da Chiron cewa dole mai mulki ya iya halin mutum ya iya na dabba. A duk waɗannan sun koma yadda suka fara, alamomi marasa uwa.

Lissafin barga da na ɗakin haihuwa

Ilmin yau ya gaskata masanan. Mutum yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46, doki 64. Jaki da ke da 62, ɗan'uwan doki na kusa, idan ya haɗu da goɗiya alfadari ake samu mai 63, wanda kusan kullum ba ya haihuwa. Saboda haka marubucin yau ba shi da hanyar Pindar sai in ya jingina ta da sihiri. Abin da ya rage masa shi ne hanyar Zeuxis: jinsi ne mai zaman kansa, uwa irinsa, uba irinsa. Nan lissafi yake farawa.

Goɗiya tana ɗaukar ciki na kwana 340 ko kusa da haka, wata 11 ke nan, mace kuma wata 9. Duƙushi yana zuwa duniya da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin uwarsa, wato kilo 45 zuwa 50 ga goɗiya mai kilo 500. Jariri kuwa kilo 3 zuwa 3 da rabi. Goɗiya yawanci da dare take haihuwa, kuma fitar ɗan ba ta cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Cikin awa 1 zuwa 2 ya miƙe, kafin awa 3 ya kama hantsa ya sha dakashi, kafin gari ya waye yana bin uwarsa. Dabbar da ake farauta ba ta da lokacin jego. Jaririn mutum kuwa sai ya kai wata 4 kafin wuyansa ya tsaya sosai, sai wajen shekara kafin ya fara tatata, kuma ƙwaƙwalwarsa a ranar haihuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ta babba ba.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Matsalar Bakentaura ta wuce nan, domin ɗan nata ne rabinsa ke son gudu, rabinsa ko rarrafe bai iya ba. A sawwara ƙafafu huɗu suna tsalle a fili awa biyu bayan haihuwa, a samansu kuma ga jaririn da kansa ke lilo. Wannan ita ce hujjar Lucretius, an dawo da ita ranar farko.

Akwai kuma batun hanya. Mahaifa dole ta kasance a jikin goɗiyar, domin nan ne kaɗai fili yake. Duƙushi yana fitowa ne a miƙe, ƙafafun gaba a gaba, ɗaya ta ɗan riga ɗaya don kafaɗu su wuce a karkace, hanci a kwance a kansu. Ɗan Bakentaura jikinsa a lanƙwashe yake kamar ƙotar fartanya, saboda haka sai gangar mutum ta kwanta ta miƙe a layi ɗaya da bayan dokin kafin ya wuce, kuma kafaɗa biyu ce za ta bi hanyar, ta mutum sannan ta doki. Wurin maƙalewa ya ninka. Daɗin daɗawa, hannun uwar yana can gaba, nesa da inda ɗan yake fitowa. Ba za ta iya tarar sa ba, ba za ta iya warware cibiya daga wuyansa ba. Masaniyar ilmin ɗan Adam Wenda Trevathan ta nuna a littafinta na 1987 cewa yadda jaririn mutum ke juyawa a hanya ya fito fuskarsa tana kallon bayan uwa shi ne ya sa neman mai taimako wajen haihuwa ya zama ɗabi'ar mutane kusan a ko'ina. Idan haka ne ga mu, ga Kentaurawa ungozoma ta zama sharaɗin wanzuwar jinsin.

Sai shayarwa. Goɗiya mai shayarwa tana iya ba da lita 10 zuwa 15 a rana, mace kuwa yawanci ƙasa da lita 1. Jikin da zai tashi ya zama doki, hantsa ce za ta ciyar da shi. Amma a ƙirji ne uwa da ɗa suke haɗa ido. Zeuxis da ya raba tagwayensa gida biyu, ya riga kowa ganin cewa kowane gefe yana da aikinsa.

Kowane zaɓi da kuɗinsa

Marubuci yana da 'yancin warware wannan ƙulli yadda ya so, muddin ya yarda ya biya abin da amsarsa ta jawo.

Yana iya tsawaita cikin. Masanin dabbobi ɗan Suwizalan, Adolf Portmann, ya ƙiyasta cewa da za a haifi mutum a matakin ƙwari irin na sauran manyan dabbobi masu shayarwa, da sai cikinsa ya kai wata 21. Giwa tana yin wata 22. Idan Bakentaura ta ɗauki ciki na kusan shekara 2, ɗanta zai fito da wuya mai ƙwari da idon da ya san abin da yake gani. Sakamakon haka ita ce haihuwa za ta yi ƙaranci, kowane yaro ya zama dukiyar ƙabila. Irin waɗannan mutane ba za su riƙa faɗa wa yaƙi saboda maye a gidan biki ba; kowane mamaci gurbi ne da sai an yi shekaru kafin a cike. Marubucin da ya zaɓi wannan hanya ya samo wa kansa al'umma mai taka-tsantsan, mai dogon fushi, mai riƙe lissafin jini.

Yana iya kuma barin jaririn ya zo da rauni baki ɗayansa, sama da ƙasa. To sai ya tuna cewa ba a goya kilo 40 da zane. Dole a tsaya wuri ɗaya na watanni, a gina mafaka, a tanadi harawa, a sa masu gadi. Makiyayan da aka san su da sukuwa a fili sun zama masu garuruwan jego da abokan gaba za su riƙa nema. Duk wanda ya san inda suke haihuwa ya riƙe wuyansu, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɗauki littafi guda.

Ko kuwa ya bar saɓanin yadda yake, ƙafa ta riga kai girma, ya ƙirƙiro wa al'ummar dabarar da za ta bi: wani irin ɗauri na fata da ke tallafe bayan jariri da wuyansa, da matan da sana'arsu ke nan, da bikin da ake yi ranar da aka kwance shi. Daga matsalar ƙashin wuya an sami sana'a, an sami al'ada, an sami matsayi.

Marubutan ƙarni na 20 sun gwada hanyoyi daban-daban. C. S. Lewis, a littafinsa The Silver Chair na 1953, ya ɗauki tambayar Jalinusu ya mayar da ita raha: Bakentaure yana da tumbi biyu, na mutum da na doki, kowanne kuma sai an ba shi karin kumallonsa, don haka gayyatarsa baƙunci ba ƙaramin aiki ba ne. John Varley, a jerin littattafan da ya fara da Titan a 1979, ya ƙaga wasu halittu masu wannan siffa ya tsara musu hanyar hayayyafa mai sarƙaƙiya, sannan a littafi na biyu ya sa ƙwansu ba ya rayuwa sai da sa hannun mutum guda. Nan take batun haihuwa ya zama batun mulki: wanda ke riƙe da izinin haihuwar wata al'umma shi ne sarkinta, ko ya so ko bai so ba.

Akwai kuma misalin da ya kamata ya zama gargaɗi. A fim ɗin Fantasia na kamfanin Disney na 1940 an nuna 'yan matan Kentaurawa suna kwalliya suna jiran samari, a cikinsu kuma aka sa wata ƙarama baƙar fata, da siffar izgili, tana goge wa farare kofato. An yanke ta daga fim ɗin tun daga fitowar 1969. Da zarar an ba dodo iyali da gari, mai ƙirƙirar yakan kwaso tsarin garinsu ya zuba a ciki, har da wanda ke hidima da wanda ake yi wa. Tambayar wa ya haifi wa ba ta rabuwa da tambayar wa ke sama da wa.

Abin da ya rage wa mai alƙalami

J. R. R. Tolkien, a laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939, ya yi nuni da cewa kowa yana iya furta koriyar rana, wahalar tana wajen gina duniyar da za a yarda da wannan rana a cikinta. Manna mutum a kan doki ma abu ne mai sauƙi. An yi shi da yumɓu shekara kusan 3,000 da suka wuce. Aikin yana wajen abin da ya biyo baya.

Wannan ya shafi duk mai rubuta labarin al'ajabi, har da masu rubuta littattafan yaƙi da jarumta da Hausa, inda rundunonin dodanni da maridai sukan fito dubu-dubu don jarumi ya sami abin sara. Babu laifi a rubuta dodon da ba shi da asali. Pindar da masu sassaƙar Parthenon sun yi, kuma aikinsu ya rayu. Amma ya kamata marubuci ya san cewa zaɓi ya yi, ya kuma san abin da zaɓin yake koya wa mai karatu game da waɗanda ba su yi kama da shi ba. A wurinmu, in baƙo ya zo neman aure, kafin a tambayi abin da ya mallaka ana tambayar ɗan gidan wa ne. Halittar da marubuci zai iya amsa wannan tambaya a kanta, ya faɗi watannin cikinta, da wadda ta karɓi haihuwarta, da ranar da aka yaye ta, ta fita daga sahun abin sara. Ba lallai ko ɗaya daga cikin wannan ya fito a shafi ba. Mai karatu yakan ji bambancin ko ba a gaya masa ba, daga yadda halittar take tsoro, da abin da take karewa, da abin da ba za ta taɓa yafewa ba.

Lucian ya ƙarasa labarin da abin da ya faru ranar baje hoton. Jama'a suka yi ta yabo, amma duk yabon a kan baƙuntar abin ne: mace mai jikin goɗiya, abin da ba a taɓa gani ba. Babu wanda ya kula da yadda aka haɗa launuka, ko yadda fatar mace ta narke cikin ta goɗiya a hankali har ido ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Zeuxis ya ji haushi, ya umarci almajirinsa ya naɗe allon a mayar da shi gida.